Shin da gaske mutanen da sun fi 'yan yanzu?

Wani matashi ne daga Mabera, cikin garin Sakkwato, ya aiko da tambayar. Ga ta a taƙaice:

"Malam, barka da aiki. Kullum in mahaifina da abokansa suka zauna ƙofar gida bayan La'asar, zancen ɗaya ne: zamaninsu ya fi, sun tashi da kunya da biyayya, mu kuwa ba mu san komai ba sai latsa waya. Abin ya fara ci mini rai, domin ina karatu, ina sana'a, ban taɓa jawo masa magana ba. Da gaske mutanen da sun fi mu, ko akwai abin da ke sa duk wanda ya manyanta ya riƙa ganin haka?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Na san irin majalisar, na kuma san yadda zancen ke fita a bakin Basakkwace: "Mu lokacin da munka tashi, yaro bai isa ya ɗaga kai ya dubi babba ba. Ɗiyan yanzu mi sunka sani?" Aikina koyar da ilimin halayyar ɗan Adam, kuma shekaruna sun fi kusa da na mahaifinka a kan naka, don haka tsarana ne zan yi magana a kansu.

Maganar Baba a dunƙule take, amma in ka warware ta za ka tarar da zance fiye da ɗaya. Akwai "na ji daɗin ƙuruciyata", wannan gaskiya ce, ba mai ja da ita. Akwai "rayuwa ta fi sauƙi a da", wannan ana iya auna ta, ta tabbata a wani wuri ta faɗi a wani. Sai "mun fi ku hali", wadda ita ke ci maka rai, kuma ita ce ba ta da ƙafar tsayawa. Daɗin ta farkon ne ke ɗauke da ta ƙarshen, shi ya sa mai faɗinta yake rantsuwa da zuciya ɗaya, ba ƙarya yake shirgawa ba.

Mu fara da yadda tuna baya ke aiki. Mutane na zaton abin da ya wuce yana ajiye a kai yadda ya faru, sai dai a ɗauko. Ba haka ba ne. Duk sa'ad da ka tuna abu, sake haɗa shi kake yi, kuma da kayan yau kake haɗin. Masana sun sa mutane suna rubuta abin da ya same su kullum, suna auna yadda ya yi musu daɗi ko ciwo, sannan aka dawo musu bayan watanni da shekaru aka ce su sake aunawa. Abin da ya yi ta fitowa shi ne raɗaɗin abin baƙin ciki yana dushewa da sauri fiye da zaƙin abin farin ciki. Mutum bai manta an yi abin ba, zafin ne ya huce. Kamar mace ce tana tankaɗe: gari mai laushi ya sauka a ƙwarya, tsaki ya tsaya a rariya a zubar wa kaji. Shekara arba'in ana wannan tankaɗen, dole abin da ke cikin ƙwaryar Baba ya yi laushi. Kai kuwa yau ɗinka ba a tankaɗe ta ba, da tsakinta da dussarta yake ganinta.

A 1997 Terence Mitchell da Leigh Thompson da abokan aikinsu a Amurka sun bi wasu matafiya, ciki har da masu yawon mako uku a kan keke a Kalifoniya. Sun tambaye su kafin tafiya, da tsakiyarta, da bayan an dawo. A tsakiyar tafiya ƙorafi ne: ruwan sama, gajiya, abokan tafiya masu ban haushi. Da aka dawo gida kuwa sai labarin ya fi abin da suka faɗa da bakinsu a hanya daɗi. Ba sai ka je Amurka ba. Ka kira alhaji a waya yana Mina, ka ji kukan zafi da cunkoso da abincin da bai iso ba. Ka je yi masa barka da sauka bayan mako biyu, yana miƙa maka dabino da zamzam, ka ji ko zai ambaci ɗaya daga ciki. Ko ka leƙa taron tsofaffin ɗalibai na kowace makarantar kwana. Dattijai masu furfura suna dariya har da hawaye a kan waken da ƙwari ke yawo a samansa, da siniyan da ya sa su tsallen kwaɗo da tsakar rana a watan Afrilu, da ɗibar ruwa da asuba cikin hunturu. A wancan lokacin kuka suka yi, wasu ma sun tsallake katanga sun gudu gida. Waɗanda suka gudun ba sa zuwa taron.

Sai abu na biyu, wanda David Rubin da abokan aikinsa suka bayyana a 1986 kuma aka yi ta tabbatar da shi a ƙasashe daban-daban. In ka ce wa mai shekara sittin ya ba ka labaran rayuwarsa, ba daidai-wa-daida suke fitowa daga kowane zango ba. Mafi yawansu daga tsakanin shekara 10 zuwa 30 suke taruwa. A nan ne komai yake na farko: hawan keke na farko, kuɗin farko da ka samu da guminka, zuwa zance na farko, aure, ɗan fari. A nan ne mutum ke gane ko shi wane ne. Har kiɗan da kunne ya saba da shi a waɗannan shekarun shi ne yake zama ma'auni, shi ya sa Baba ke jin kotso da kalangu a matsayin kiɗa, na situdiyo kuwa hayaniya.

Yanzu ka lissafa. In mahaifinka haihuwar wajen 1960 ne, to waɗannan shekarun nasa sun faɗa tsakanin 1970 da 1990. Farkonsu kuwa ya yi daidai da lokacin da kuɗin man fetur ya cika ƙasar nan. Tsakanin 1973 da 1974 farashin gangar mai ya ninka kusan huɗu, aka yi ƙarin albashin Udoji a 1974, aka buɗe Jami'ar Sakkwato a 1975, aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato tare da fara ilimin firamare kyauta a 1976, ɗan jihar nan, Alhaji Shehu Shagari, ya zama shugaban ƙasa a 1979, kuma a 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku yana kan gado tun 1938, bai rasu ba sai 1988, mutum ya tashi ya girma ya yi 'ya'ya sarki ɗaya ya sani. Wanda samartakarsa ta haɗu da irin wannan yanayi, begensa yana da dalili. Ƙwaƙwalwa ta yi ƙawa, amma ta samu abin yi wa ƙawar.

Sai dai ka lura da wanda ke ba da labarin da kuma inda yake tsaye lokacin da abin ke faruwa. Yaro ɗan shekara 13 a 1973 ya san dandali da langa da tashe da wanka a gulbi. Bai san abin da mahaifinsa ya sha ba kafin ya kawo buhun gero a shekarar da fari ya cinye amfanin gona da dabbobi a Sahel gaba ɗaya. Wani ke cefane, wani ke biyan haraji da jangali, wani ke kwana bai yi barci ba. In mutum ya ce "a da ba mu da damuwa", sau da yawa ma'anarta ita ce wani ne ke ɗauke masa ita. Ga kuma jiki. A da gwiwa ba ta ciwo, ido na karanta ƙaramin rubutu, haƙori na tauna ƙashi, Inna da Baba suna raye, abokai ba a fara binne su ɗaya bayan ɗaya ba. Da yawa daga abin da dattijo ke kira lalacewar zamani, kewar jikinsa ce da ta mutanensa.

Akwai kuma tacewar da mutuwa da lokaci ke yi. Ana cewa kayan da sun fi ƙarko, a nuna maka wata Fijo 504 da har yau take ɗaukar kaya zuwa Illela, ko keken Rali na wani tsoho. To ina sauran dubban? Sun zama kayan gwangwan tun tuni, wadda ta jure kaɗai kake gani. Haka waƙoƙi: marasa ma'ana sun mutu da mawaƙansu, kaɗan masu nagarta ne rediyo ke maimaitawa. Haka mutane. A shekarun 1970 akwai mashaya, akwai 'yan caca, akwai gidajen mata masu zaman kansu, akwai ɓarayin kasuwa, akwai yaran da ke satar kuɗin iyaye su tafi silima kallon fim ɗin Indiya, su tara suma, su sa wando mai faɗin ƙafa, dattijan lokacin suna salati suna cewa duniya ta zo ƙarshe. Ina suke yau? Wasu sun mutu da wuri. Wasu sun tuba, sun je Makka, suna sahun gaba a masallaci, ba kuma wanda zai tona musu asiri a gaban jikoki. Don haka in Baba ya duba tsaransa, waɗanda suka tsira suka natsu yake gani. In ya duba tsaranka kuwa kowa da kowa yake gani, a daidai shekarun da hankali bai gama zama ba. Gwada ɗan shekara 65 da ɗan shekara 20 ake yi, a ce an gwada zamani da zamani.

Kada ka ɗauka ina cewa duk maganarsu mafarki ce. Akwai abin da aka rasa, kuma rashin kunya ne matashi ya musa. A da mutum kan tashi daga Sakkwato da dare ya nufi Gusau ko Isa ba ya tunanin komai sai lafiyar mota. Yau mutanen Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo sun san abin da 'yan bindiga suka mayar da noma da cin kasuwa. A da mai digiri aiki ke jiransa, wani har da bashin mota. Yau dala ta haura naira 1,000 da nisa, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuwa kowa ya san yadda kuɗin mota da na abinci suka koma. Kuma da gaske ne a da ɗa na kowa ne, maƙwabci na iya tsawata maka ya kai ka gida a ƙara maka. Garin ya faɗaɗa, unguwanni sun cika da mutanen da ba su san juna ba, wannan igiyar ta saki. In Baba ya faɗi waɗannan, ka ce gaskiya ne, Baba.

Amma ma'aunin yana da wani gefen da ba a cika ɗora wa kaya ba a majalisa. Jami'o'i shida ne kacal a Najeriya kafin 1975. Mai digirin da aka ba mota ɗaya ne cikin dubbai, 'yan'uwansa suna ƙauye, in an gama girbi su ɗauki sanda da buzu su tafi cin rani kudu, ƙannensa mata kuwa ba su taɓa ganin allon aji ba. Wanda ya ci moriyar zamanin shi ne yau yake da bakin ba da labari, a jarida da rediyo da Facebook. Daɗin ma bai daɗe ba: 1982 aka shiga tsuke bakin aljihu, 1983 cutar bushiya ta kashe shanu ga fari ya dawo, 1984 ana layin sayen madara da sabulu da shinkafa soja na tsaye da bulala, 1986 aka karya darajar naira. Duk waɗannan a cikin "zamanin daɗi" suke.

Batun lafiya kuwa ya fi kowanne fitowa fili. Agana ta bar zane a fuskokin kakanninmu, ba a rabu da ita a Najeriya ba sai 1970. Kurkunu ya kama mutum fiye da 600,000 a ƙasar nan a ƙarshen shekarun 1980, yana kwantar da manomi a tsakiyar damina, sai 2013 aka tabbatar an kawar da shi. Sanƙarau na 1996 ya kashe fiye da mutum 10,000, akasarinsu a Arewa. A 1990, cikin yara 1,000 da aka haifa a Najeriya fiye da 200 ba sa kai shekara biyar, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu 132. Har yanzu adadin abin kunya ne, kuma yankinmu yana cikin inda ya fi muni, amma ya sauka. Ka tambayi kakarka, cikin ladabi, haihuwa nawa ta yi kuma nawa suka rayu. Amsarta za ta gaya maka abin da ba a faɗa a ƙofar gida, domin majalisar maza ce, kuma wahalar da ta fi yawa a cikin gida aka sha ta.

Yanzu ga wadda ta dame ka, batun hali. A 2019 John Protzko da Jonathan Schooler sun tambayi dubban manya a Amurka yadda suke ganin yaran yanzu a kan girmama manya, da kaifin basira, da son karatu. Sai suka ga kowa yana ganin gazawar yara ne a fagen da shi kansa ya yi fice. Mai tsananin riƙo da biyayya shi ke cewa ba su da ladabi, mai yawan karatu shi ke cewa ba sa karatu. Sannan suka yi wata dabara: suka yi wa mutane gwajin sanin littattafai, suka ba wasu sakamakon ƙarya cewa suna cikin na ƙasa. Waɗanda aka rage wa girman kai ta haka sai suka sassauta hukuncinsu a kan yara. Ma'ana, mutum yana ɗaukar yadda yake a yau, ya shafa wa yarintarsa, ya shafa wa duk yaran zamaninsa, sannan ya auna yaran yau da wannan hoton. Malamin da ya shekara arba'in yana bitar littafi ya manta cewa a ajinsu su uku ne masu ƙoƙari, sauran ana fama da su.

A 2023 kuma Adam Mastroianni da Daniel Gilbert suka tattara tambayoyin jin ra'ayi na kusan shekara 70 daga ƙasashe kimanin 60. Ko'ina, kowane lokaci, mutane na cewa gaskiya da kirki suna raguwa. Amma in aka tambaye su game da yau ɗinsu, misali ko an mutunta su jiya, ko sun taimaki wanda ba su sani ba kwanan nan, amsar ba ta canzawa daga shekara zuwa shekara. Abu biyu suka ƙara ba ni sha'awa a aikin. Mutane kan sa farkon lalacewar a daidai lokacin da aka haife su, ko yaushe ne kuwa. Kuma in aka zo kan mutanen da suka sani da kansu, ba sa ganin lalacewar haka. Yawancin alƙaluman daga Amurka suke, ba zan kwashe su in jibga wa Sakkwato ba. Amma gwada ka gani: ka tambayi abokin Baba game da yaran yanzu, zai ce sun lalace. Ka tambaye shi game da nasa, zai ce alhamdu lillahi, nawa dai Allah ya shirya mini su. In kowa nasa shiryayyu ne, na wa ne lalatattun? Na waya ne. Labarin yaron da ya ƙwace waya ko ya sha ƙwaya ya yi ta'asa yana zagaye garin kafin Magariba, na wanda ya tashi da asuba ya buɗe shagon ɗinki ba mai turawa.

Tarihinmu ma ya ishe mu shaida. Labid, mawaƙin Larabawa da ya rayu tun jahiliyya har ya musulunta, yana da baitin da yake kukan cewa mutanen kirki sun tafi an bar shi cikin marasa amfani. An ruwaito Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, takan karanta baitin ta ce ina ma Labid ya ga zamaninmu. Urwa da ya ji daga gare ta ya ce ina ma A'isha ta ga namu. Zuhri da ya ji daga Urwa ya faɗi haka, aka yi ta miƙawa. A nan gida kuwa, wane zamani Basakkwace ke ɗauka ya fi na Shehu Usmanu? To a tsakiyarsa, wajen 1807, shekara uku kacal da fara jihadi, Alkalawa, babban birnin Gobir, ma ba ta faɗi ba, Malam Abdullahi ƙanen Shehu ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar Makka, saboda abin da ya gani na canjin halin jama'a. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, ya zauna ya karantar da su, sannan ya komo. A cikin littafinsa Tazyinul Waraƙat ya bayyana dalilinsa: abokansa na gari sun tafi, an bar shi da masu son mulki da tara dukiya da tufafin ƙawa da dawakin sukuwa a gari. Zamanin da muke ziyarar Hubbare, makwancin Shehu, muna begensa ke nan, ga abin da ɗaya daga cikin manyansa ya gani da idonsa.

Na san wani a majalisar zai kawo hadisin Anas ɗan Malik da ke cikin Bukhari, cewa babu zamanin da zai zo face na bayansa ya fi shi sharri. Hadisi ne ingantacce, kuma sharhinsa fagen malamai ne. Abin da suka faɗa shi ne: Anas ya ambace shi ne ga masu kukan zaluncin Hajjaju, gwamnan Iraƙi, yana umurtarsu da haƙuri, kuma bayan Hajjaju an yi halifa adali Umar ɗan Abdul'aziz, don haka Ibn Hajar ya kawo bayanin cewa magana ce a kan galibi, ya kuma kawo fassarar Ibn Mas'ud cewa tafiyar malamai ake nufi, ba yawan ruwan sama ko arahar abinci ba. Babu inda hadisin ya ba ɗan 1960 takardar shaidar ya fi ɗan 2000. Shi ma a bayan wasu ya zo. Kuma a Muslim akwai hadisin da ke cewa idan mutum ya ce mutane sun halaka, to shi ne ya fi su halaka, malamai suka ce wannan ga mai faɗa ne don raina mutane da ganin kansa, ba mai faɗa don baƙin cikin abin da yake gani ba. A ganina nan ne iyakar take. Dattijo ya yi jimamin abin da ya ɓaci, daidai ne. Ya mayar da jimamin sandar dukan yaron da ke durƙushe gabansa yana zuba masa shayi, wannan kuma wani abu ne daban.

Akwai wani ciwo a ƙarƙashin zancen da ba a faɗi. A da ilimin dattijo jari ne: shi ya san hanya, ya san lokacin shuka, ya san asalin kowane gida, ya san farashi. Yau jikansa ke saita masa waya. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 na ga attajirai masu shekaru suna tsaye suna jiran yaro ɗan sakandare ya tura musu kuɗinsu da kansu. Wanda ake zuwa gare shi a tambaya ya koma mai tambaya, abin da zafi. "Mi kunka sani?" wani lokaci ma'anarta "har yanzu ina da amfani?" ce.

Inda ba na ɗaga wa tsarana ƙafa shi ne nan: yaran yanzu ba daga sama suka faɗo ba. Mu muka haife su, mu muka rene su ko muka ƙi. Makarantar da muka yi kyauta a hannunmu ta lalace. Yaron da ke bangar siyasa da gora a hannu, ba tsaransa ne ke ba shi kuɗin ƙwaya ba, mai furfura ne. Kuma in za a yi adalci a lissafa duka. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa a nan Sakkwato aka faro ta a 1986, a Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Sakkwato (Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a yau), kuma yau 'yan mata 'yan shekara 15 ke haddace izu sittin da tajwidi. A zamanin da ake yabo, gida nawa ke da mace mai wannan? Su ma yaran yanzu ne.

To me za ka yi da Baba? Kada ka yi musu da shi a gaban abokansa, ko da kana da duk alƙaluman da na zayyano. Ba za ka ci ba, kuma in ka ci ka faɗi. Begen baya ba cuta ba ne. Ɗalibin likitancin da ya fara rubutu a kansa a 1688, Johannes Hofer, ya ɗauke shi a matsayin ciwo, irin na sojojin Suwizalan masu kewar gida, amma binciken da Constantine Sedikides da Tim Wildschut suka daɗe suna yi a Ingila ya nuna yana rage kaɗaici, yana sa mutum ya ji rayuwarsa tana da ma'ana. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma haka ne, mutum ya fi komawa baya in yau ta yi masa tsanani. Abin da ke aiki shi ne ka fitar da shi daga hukunci zuwa labari. In ya ce "zamaninmu", ka ce, "Baba, lokacin farin 1973 yaya kuka yi a gida? Nawa ne albashinka na farko, me ka fara saya? Wane laifi ka taɓa yi da Kaka ya fi yi maka faɗa a kai?" Tambaya mai neman dalla-dalla tana dawo da tsakin da rariya ta riƙe, da bakinsa zai gaya maka ranar da suka kwana da yunwa da ranar da aka kama shi a silima. In ya yarda, ka ɗauki muryarsa a wayar nan da yake zagi.

Ka kuma sa ido a kan tsaranka. 'Yan shekara 30 sun riga sun fara rubuta begen zamanin Nokia mai tocila da 2go, suna cewa yaran TikTok ba su da tarbiyya.

Abu ɗaya ne zan ce ka kula da shi da gaske. Begen da ke da lafiya yana zuwa da dariya, mutum ya ba da labari ya tashi ya ci tuwonsa. In ka ga Baba ya daina fita majalisa, abinci ya ragu, barci ya ƙaurace masa, zancensa ya koma na mutuwa da "ba ni da sauran amfani", ko tuna bayan ya zama kuka da nadama zalla, to wannan alamar ciwon damuwa ce, wanda ke yawan kama dattijai bayan ritaya ko rasuwar mata ko aboki na kusa. Haka in ya fara manta abin da ya faru da safe alhali yana tuna na shekara hamsin tiryan-tiryan, yana maimaita tambaya ɗaya, yana ɓata a hanyar da ya saba. Waɗannan na likita ne. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. In ka ga zai ƙi saboda sunan wurin, ka fara da likitan da ke duba masa hawan jini, ka gaya masa abin da ka lura da shi kafin ku shiga.